Ku riƙa wanke tsagar fuskar sandar golf

Salamu alaikum 'yan uwa masu buga golf a nan Injamena. Jiya na ga wani ƙanena yana ta mita wai ƙwallonsa ba ta tsayawa in ta sauka, sai ta yi ta gangarawa. Na karɓi sandarsa na duba, wallahi layukan nan da aka tsaga a fuskarta duk sun cushe da busasshen taɓo.

Tsagar nan ba ado ba ce. Ita ke kwashe ruwa da ciyawa da ƙasa lokacin bugu, don ƙarfen ya kama ƙwallon sosai, ta tashi tana juyawa da baya. Wannan juyin shi ne birkinta. A busasshen wuri mai tsabta bambancin kaɗan ne, amma da damina, cikin jiƙaƙƙiyar ciyawa, nan ake gane amfaninta.

Ni tsohon burushin haƙori da jiƙaƙƙen tsumma nake sawa a jaka, ina gogewa bayan kowane bugu. Yashinmu ma yana cinye bakin tsagar a hankali. Don Allah kar ku ƙwaƙule ta da ƙusa ko ku wasa ta. Tun 2010 hukumomin da ke tsara dokokin golf, wato R&A da USGA, suka ƙara tsaurara ƙa'idar girmanta da kaifin bakinta, don haka in kun yi hakan za ku iya fitar da sandar daga ƙa'idar gasa.