Kurakuran Masu Lissafin Rana da Taurari da Manhajar Kwamfuta

Na daɗe ina koya wa matasa a nan Maraɗi yadda ake auna kusurwar tsayin rana ko tauraro a sama da na'urar sekstan, domin mutum ya gane inda yake a doron ƙasa. Tun da manhajoji suka maye gurbin littattafan jadawali, irin kundin taurarin da Ingila ta soma fitarwa don shekarar 1767, kurakurai iri ɗaya nake tsinta a hannun kowane sabon ɗalibi, har na gaji da maimaita gyaransu da baki.

Mafi muni shi ne na agogo. Duk mai sauraron rediyo ya san agogon Nijar yana gaban agogon GMT da awa ɗaya, amma da zarar ya zauna gaban kwamfuta sai ya manta. Littafin jadawali yana rubuta GMT a saman shafi, ido ba ya kauce masa. Ita kuwa manhaja, abin da aka ba ta shi take haɗiyewa, ba ta tambaya. Duniya tana juya digiri 15 a cikin awa guda, saboda haka wanda ya shigar da lokacin gida a gurbin GMT ya tura kansa yamma da wajen kilomita 1,600. Maraɗi tana kusa da digiri 7 gabas da Girinwich, wurin da ke Landan inda ake soma ƙidayar gabas da yamma da kuma lokacin GMT. A ɗebe 15, sai ga mutum a digiri 8 yamma, wato gefen Bamako, alhali yana tsaye bisa soron gidansu.

Ni wannan ya taɓa ci, kuma bai ci ni da wasa ba. Mako uku na yi ina zargin sekstan ɗina, wanda na sha wuya kafin na same shi, har zuciya ta ɗebe ni na kwance madubinsa da niyyar gyara, ya suɓuce ya fashe a kan siminti. Na'urar lafiyarta lau, ni ne ban canza awa ba. Tun daga ranar nake ajiye agogon hannu mai araha a cikin akwatin sekstan, a saite kan GMT, ba na duba shi don salla ko don zuwa kasuwa. Ina kuma gwada shi da sahihin lokaci kafin kowane awo, domin kuskuren daƙiƙa 4 kaɗai yana gusar da mutum kusan kilomita 2. Kai ɗalibi da kake cewa wayarka tana gyara lokaci da kanta, wane lokacin take gyarawa, na Yamai ko na Girinwich? Ka duba kafin ka buɗe baki.

Na biyu ya shafi mu da ba mu da teku. Ma'aikacin jirgin ruwa yana auna daga inda sama ta haɗu da ruwa, mu kuwa sai mu zuba man gyaɗa a faranti mu auna tsakanin rana da hotonta a cikin man. Kusurwar da za ta fito ninki biyu ce, dole a fara cire kuskuren na'urar, sannan a raba biyu, a kuma sa sifili a gurbin da manhaja ke neman tsayin idon mai awo daga saman ruwa, tunda wannan gyaran na masu kallon bakin teku ne. Wasu manhajojin suna rabawa da kansu, wasu ba sa yi, kuma na ga wanda ya raba sau biyu yana rantsuwa cewa kwamfuta ta lalace. Ni da alƙalami nake rabawa a littafina, in kashe wannan zaɓin a manhaja gaba ɗaya. Akwai masu ganin ɓata lokaci ne, ban hana su nasu ba.

Digiri 13 da minti 30 ba shi ne 13.30 ba, 13.5 ne, kuma tsakaninsu akwai kilomita 22. A kula da alamar gabas da yamma, domin kowace manhaja da yadda take rubuta ta. Kada a ɗauki Zara a matsayin tauraro tsayayye, a jerin duniyoyi ake neman ta. A lokacin hazo, in gefen rana ya dusashe, a haƙura da awo sai gari ya washe.