Yadda ake mayar da iccen da iska ta kayar ya zama ƙofa da benci

A Yamai hadarin farkon damana da iska yake zuwa. Ƙura ta turnuƙe daga gabas, kwanon rufi ya tashi, da safe a tarar da dogon yaro kwance bisa hanya, saiwoyinsa a sama. Kafin hantsi gatura sun fito, kafin la'asar ya zama iccen girki. Abin yana ci mini rai. Gungumen da ya shekara talatin yana girma sai ya ƙare a murhu cikin mako guda, alhali gidan da ya faɗo wa ba shi da ƙofa. Mun gani a damanar 2024, lokacin da ruwa ya rushe dubban gidaje a ƙasar nan har aka ɗage komawa makaranta zuwa 28 ga Oktoba: bayan ginin, abin da mutane suka fi nema shi ne ƙofa, gado da abin zama.

Da farko kada kowa ya taɓa iccen sai an duba ko ya ja wayar lantarki. In ya ja, a kira kamfanin lantarki na Nigelec, a tsaya nesa. Sannan a san mai shi. Na cikin gida na maigidan ne, na bakin titi kuwa sai a bi ta wurin mai unguwa da ofishin magajin gari. A sanar da ma'aikatan gandun daji, domin dokar daji ta 2004 ta kare wasu itatuwa, cikinsu har da gawo.

Ba kowane icce ne ke yin katako ba. Dogon yaro shi ya fi yawa a garin nan, tun dashen da aka fara zagaye Yamai da shi a 1965, kuma danginsu ɗaya da maɗaci: cikinsa ja-ja ne, ƙwari ba su cika son shi ba. Maɗaci in an samu, an yi sa'a. Iccen turare yana tsagewa yana murɗewa, ya fi dacewa da ginshiƙin rumfa. Mangwaro yana da daɗin sassaƙa amma ƙwaro na hudarsa. A ƙwanƙwasa gungumen da ƙeyar gatari. In ya yi amon ganga, cikinsa kogo ne, a bar wa masu girki.

Wajen sara a fara da ƙananan rassa, daga kai zuwa gindi. Reshen da nauyin icce ya danne a lanƙwashe yake kamar baka, yana iya zabura ya karya ƙafar mutum. In iccen ya tuge da saiwoyinsa, da zarar an raba gungume da gindin, gindin kan koma raminsa da ƙarfi, don haka a kori yara daga wurin tun kafin a tada injin zarto. A yanke gungumen mita biyu da 'yan kai, tsawon ƙofa ke nan da rara. A duba ƙusoshi sosai: iccen birni ya sha ɗaurin igiyar shanya da allon talla, ƙusa ɗaya kuwa ta isa ta lalata haƙoran zarto.

A ranar, ba gobe ba, a shafe bakin gungumen biyu da tsohon fenti mai kauri. Ta nan ruwa ke saurin fita, ta nan kuma tsaga ke farawa. A ɗora a amalanke a kai wa mai injin tsaga tun yana ɗanye. Masu sayar da katako a kasuwar Katako sun san inda masu injin suke. A ce ya fitar da kaurin santimita 3 don ƙofa da benci, 6 don ƙafafu, ya kuma ware tsakiyar iccen gefe, domin duk katakon da ta ratsa sai ya tsage.

Shanya ita ce rabin aikin, a nan muka taɓa yin asara. Karon farko mun jingina katakon da bango a rana, muna ganin zai fi saurin bushewa. Cikin kwana goma ya kantare kamar kwale-kwale, bakinsa ya dare har yatsa na shiga. Inuwa yake so da iska. A jera bulo a ƙarƙashin rumfa, a ɗaga tarin daga ƙasa kamar kamu biyu saboda gara da ruwan da ke kwanciya. A shimfiɗa katako, a gitta siraran sanduna busassu a kansa kowane santimita 50, a ɗora wani, sandunan kowane layi daidai saman na ƙasa. A danne saman da duwatsu. Duk mako a leƙa ƙasan, in gara ta fara gini a kankare. Idan hunturu ya kama, a kare gefen da iska ke bugowa da tabarma, don bushewar gaggawa ma tsaga take kawowa. Iccen da ya faɗi a Yuli, mai kaurin santimita 3 kan kai wajen Maris. Don tabbatarwa a ware guda a riƙa auna shi a sikeli duk mako biyu. Ranar da nauyinsa ya daina raguwa, ya bushe.

Manyan rassa kuwa na masassaƙi ne, tun suna ɗanye gizago ya fi cin su: kujerar tsuguno, muciya, ƙotar gatari.

Aikin haɗawa a yi shi gayya. A unguwarmu kafinta guda muka ɗauka, samarin fada, wato majalisar hirarsu ta unguwa, suka zama hannunsa, masu riƙo da masu guga, biyu daga cikinsu har sun koyi fafe rami da fitar da harshe. Wannan haɗin, na cusa harshen katako ɗaya cikin ramin ɗayan, da gam da turken icce, ya fi ƙusa daɗewa a benci. Tun kafin a taɓa zarto dattawa suka zauna suka tsara rabo a gaban kowa, don kada a yi rigima daga baya: ƙofar farko ta gwauruwar da iccen ya rushe wa katanga, benci uku na makarantar allo, sauran a sayar a biya mai inji da kafinta. Bayan guga a shafa banis sau biyu, har ƙasan ƙafafu da gindin ƙofar, inda ruwan damana mai zuwa zai fara taɓawa.