Yadda Ake Gina Sabon Labari a Kan Tsohon Labarin Kirsimeti na Dickens

Ranar 19 ga Disamba 1843 aka fitar da ɗan littafin Charles Dickens mai suna A Christmas Carol a Landan. Kwafi 6,000 aka buga, kafin Kirsimeti sun ƙare tas. Labarin wani attajiri ne mai baƙar rowa, Ebenezer Scrooge, wanda fatalwar abokin kasuwancinsa Jacob Marley ta zo masa a jajiberin biki, sannan wasu ruhohi uku suka yi yawo da shi, suka nuna masa jiyansa da yaunsa da gobensa. Dickens ya rasu tun 1870, haƙƙin mallakar littafin ya daɗe da faɗuwa, don haka kowa na iya ɗora nasa ginin a kan wannan harsashi. Ga yadda za ka bi.

Da farko, karanta asalin littafin, kada ka tsaya ga fina-finai. Babi biyar ne kacal, zama biyu ya ishe ka.

Na biyu, ware kayan ado daga ƙashin labarin. Ƙanƙara da sarƙoƙin Marley da talo-talon da aka saya da safe duk ado ne. Ƙashin shi ne: mutum ɗaya da ya rufe zuciyarsa, dare ɗaya, da wani abu da ya tilasta masa kallon rayuwarsa kamar ɗan kallo, yana gani amma ba shi da ikon taɓa komai. Wannan ka riƙe, sauran ka ajiye.

Na uku, nemo marowacinka na yau. Ba dole rowar ta zama ta kuɗi ba. A fim ɗin Scrooged na 1988, shugaban gidan talabijin ne a birnin New York. Naka zai iya zama mai gidajen haya, ko likitar da ta daina kallon fuskar majinyata, ko uban da ke aiko kuɗi amma ba ya ɗaga waya. Ka ba shi hujjar da za ta yi kama da gaskiya. Scrooge bai ɗauki kansa mugu ba. Da masu neman taimako suka shigo ofishinsa, cewa ya yi ai akwai kurkuku da gidajen aikin da ake tsare talakawa, kuma yana biyan kasonsa na tafiyar da su. Irin maganar da masu hali suke yi ke nan a Ingila bayan dokar talakawa ta 1834. To, me masu hali ke faɗa a garin da ka zaɓa? Wannan maganar za ka sa a bakin naka.

Na huɗu, kuma nan ne aikin yake: tono abin da ya busar da shi. Yawancin masu sabunta labarin nan suke zubewa, su yi ta gaggawar kai mu kabarin da aka nuna wa Scrooge a gobensa don a razana. Ni a ganina ziyarar jiya ce ke ɗauke da nauyin duka. Can muka ga Scrooge yana yaro, an bar shi shi kaɗai a makaranta lokacin hutu, da budurwar da ta warware alkawarin aure saboda ta ga son kuɗi ya ture ta. Dickens ya san ciwon. Yana ɗan shekara 12 aka kulle mahaifinsa a kurkukun Marshalsea saboda bashi, a 1824, shi kuma aka tura shi aiki a masana'antar man goge takalma. Idan mai karatu bai tausaya wa yaron ba, ba zai yarda da tubar tsohon ba.

Na biyar, zaɓi mai nuna hanya. Idan ka mayar da labarin jajiberin Sallah, ka tuna masu karatunka da yawa ba za su karɓi mamaci ya dawo yana magana ba. Mafarki ya wadatar, ko tsohuwar waya cike da saƙonnin murya da ba a taɓa saurara ba. Sauya wa baƙon labari riga ba sabon abu ba ne a wajenmu, Abubakar Imam ya yi haka a Magana Jari Ce.

Ka kula da talakan labarin. Bob Cratchit akawun Scrooge ne mai albashin sule 15 a mako, da mata da 'ya'ya har da ƙaramin mai jinya. Naka ka ba shi fushi da raha da buri, kada ya zama abin tausayi kawai.

Na ƙarshe, sa sauyin ya zama abin da ido ke gani. Scrooge ya aika talo-talo gidan Cratchit ba tare da ya bayyana kansa ba, ya je cin abinci gidan ɗan 'yar'uwarsa, washegari ya ƙara wa akawun albashi, ya ce a hura wuta, ya kuma sayo wani bokitin zuba kwal. Rubuta abubuwa uku irin waɗannan da naka zai yi da hannunsa kafin azahar, ka kuma bar mutum ɗaya a labarin da zai ƙi karɓar haƙurinsa.