Idan ɗanki ya koma tsoron bugun zuciyarsa bayan yaƙi

Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilu 2023, garinmu Gadarif yake karɓar baƙi: mutanen Hartum, sai na Wad Madani a Disambar shekarar, sai 'yan'uwanmu na Sinja a 2024. Ni malamar makaranta ce, 'yan shekara 13 zuwa 17 nake koyarwa, kuma akwai abin da na lura da shi. Yara biyu sun ji faɗuwar dana (harsashin igwa) ɗaya, sun gudu a mota ɗaya. Bayan 'yan watanni ɗaya ya koma ƙwallonsa, ɗayan kuwa ko gudun tsakar gida ba ya yarda ya yi. Sau da yawa na biyun, ban da tsoron abin da ya gani, ya kamu da tsoron jikinsa: bugun zuciya, jiri, sarƙewar numfashi, rawar hannu.

Masana sun daɗe da sanin wannan hali. Steven Reiss da Richard McNally sun bayyana shi a 1985, Wendy Silverman da abokan aikinta kuma suka tsara tambayoyi 18 na auna shi a jikin yara a 1991. Binciken da aka yi kan yaran Amurka bayan guguwar Katrina ta 2005 ya nuna cewa masu irin wannan tsoro sun fi fama da alamomin firgicin bayan masifa. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Raksha, wato babur mai ƙafa uku, ta yi ƙara a titi, jiki ya saki sinadarin adiranalin, zuciya ta ɗauki gudu. Yaron ya tuna haka ta buga ranar da aka shiga unguwarsu, ya ce a ransa yau kam mutuwa ce, sai jiki ya ƙara sakin sinadarin. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya zabura, to shi tsumman nasa a ƙirjinsa yake, ba inda zai guje masa.

Ki fara da asibiti. Zazzaɓin cizon sauro, ƙarancin jini da asma duk suna kawo bugun zuciya ko haki, kuma yaran da suka yi watanni kan abinci sau ɗaya a rana ƙarancin jini ba baƙonsu ba ne. In likita ya ce zuciya da huhu lafiya, sai ki zauna da shi inda ba ƙannensa, ki tambaye shi: "Ɗana, in zuciyarka ta fara bugawa, me kake jin zai same ka?" Amsar kan zo iri uku: zan mutu, zan haukace, ko mutane za su gan ni ina rawar jiki su yi dariya. Wannan ta ukun 'yammata sun fi faɗa mini ita a aji. Kada ki ce "ba komai", domin shi ya san akwai komai. Mahaifinsa kuma ya bar cewa "kai ba namiji ba ne", wannan magana sai ta sa ya ɓoye. Ki gaya masa gaskiya: jiki ne ke shirin gudu ko da ba abin gudu, firgicin yakan kai ƙololuwa cikin kamar minti 10, ya sauka da kansa.

Bayani kaɗai ba ya isa, sai jikin ya gani. Nan ne aikin yake, kuma ina roƙonki ki yi shi tare da shi. Da la'asar, rana ta yi sanyi, ku tsaya a tsakar gida ku yi gudu a wuri ɗaya na rabin minti. Ku tsaya, kowa ya ɗora hannu a ƙirjinsa. Ki ce, "Ji tawa ma yadda take yi." Kada ki kawo ruwa da sauri, kada ki yi masa fifita, kada ki ja shi ya kwanta kan angarib (gadon igiya), don in kin yi haka kin tabbatar masa cewa ceto aka yi. Ku tsaya kawai har bugun ya lafa. Sannan ki tambaye shi tsoron ya kai nawa cikin goma, kuma abin da ya zata zai faru, ya faru? Gobe ku maimaita, in lambar ta fara sauka ku kai minti ɗaya. Mai tsoron jiri ya juya a tsaye na daƙiƙa 20, ke kina kusa. Shi zai zaɓi abin da za a fara da shi, in ya ce yau a'a, a bari sai gobe. Yaron da ke da asma, farfaɗiya, sikila ko ciwon zuciya ba a yi masa wannan sai da izinin likita.

Ki rage masa jabana (kofi) da shayi mai kauri, musamman da dare, ki kuma raba shi da bidiyon yaƙi na WhatsApp kafin barci.

Addu'a da azkar su ci gaba, ni ma su nake riƙe da su. Abin da ba na so shi ne a ce wa yaro bugun zuciyarsa shafar aljanu ce, domin an ƙara masa dalilin tsoron jikinsa ke nan. Haka kuma kada a tilasta masa ba da labarin abin da ya gani a hanya, balle a gaban baƙi. In ya fara da kansa, ki saurara, ki bar shi ya tsaya inda ya so.

Akwai inda ƙoƙarin gida ke ƙarewa. In an wuce wata guda yana mafarkin abin, yana ganinsa ido biyu, yana zabura kan ƙaramin motsi, ya daina makaranta ko kasuwa, ki nemi ma'aikacin lafiyar ƙwaƙwalwa. Ki tambaya a asibitin gwamnati ko wurin ƙungiyoyin agaji irin su Likitoci Marasa Iyaka. Hukumar Lafiya ta Duniya, a jagorarta ta 2013, ta fifita magani ta hanyar zama da tattaunawa wanda ke fuskantar abin da ya faru, ta kuma hana ba yara da matasa ƙwayoyi irin su diyazefam saboda firgici ko rashin barcin da ke biyo bayan masifa, don haka kada ki saya masa a kantin magani. In kuwa ya ambaci son mutuwa ko ya ji wa kansa rauni, ranar za ki kai shi asibiti, ki ɗauke magunguna da wuƙaƙe daga inda hannunsa zai kai, kuma kada a bar shi shi kaɗai.