Babi na 6: Haɗa Bangon Masana'anta Don Wasan Kwaikwayo

Iyayena da yayyena, wasan da za mu yi ranar yaye ɗalibai labarin leburorin masana'anta ne, irin na Sharaɗa da Bompai a Kano. Don haka muna son duk wanda ya kalli dandamali ya ga ƙarfe da bututu da tsohon kwano. Da kuɗi kaɗan za mu yi shi, in Allah ya yarda.

Darasi na 1: Kayan aiki

Katako tu-bai-tu, wato mai kauri inci 2 da faɗi inci 2, da filawud, a same su a 'Yan Katako ta Na'ibawa. Kwanon rufi da bututun roba da ƙusa mai inci 3, a je Ƙofar Ruwa. A nemi tsohon kwano mai tsatsa, ya fi araha, kuma shi ya fi kama da masana'anta. Guduma da zarto da tef na awo kuwa, a aro wajen kafinta.

Darasi na 2: Awo

A nan ake yawan tuntuɓe, don haka mu tafi a hankali. Kowa ya jawo tef ɗinsa ya duba. Gefe biyu ne da shi. Gefe ɗaya lambobinsa suna da tazara, wannan shi ne inci. Ɗaya gefen lambobinsa a matse suke, wannan santimita ne, ba ruwanmu da shi. Inci muke so, wato gefe mai tazara.

Inci 12 shi ne ƙafa 1. Tsawon filawud ƙafa 8 ne, inci 96 ke nan. Faɗinsa ƙafa 4, inci 48. A saƙala bakin tef a ƙarshen katako, a ja har 96 a gefen inci, a sa alama da fensir. Kada a ɗauki zarto tukuna. A saki tef, a sake ja, a ga ko alamar na nan kan 96. A gefen inci fa.

Bara wani dattijo a ajinmu ya yanka 96 a gefen santimita, katakon da ya kamata ya wuce ƙofar ɗaki ya tsaya masa a ƙugu. Ba abin kunya ba ne, washegari shi ya riƙa gyara wa wasu. Amma haba jama'a, sau nawa zan faɗa? Katako ba ya komawa in an yanke, kuma kuɗin karo-karonku ne. Wanda bai tabbata ba ya kira na kusa da shi ya duba masa. Gefe mai tazara.

Dogayen katakai biyu masu inci 96 za a yanka, gajerun kuma tsakanin dogayen za su shiga. A shimfiɗa dogaye biyu a bakin filawud, a auna abin da ya rage tsakaninsu, sannan a yanka gajeru guda uku masu wannan tsawon.

Darasi na 3: Tsayarwa

A buga filawud kan katakan, a buga kwano a kansa. Bakin kwano na yanka hannu, a lanƙwasa shi da guduma. A tokare bangon ta baya da katako a karkace, a danne gindin da buhun yashi don kada iska ta kayar da shi.

Darasi na 4: Fenti

A goge bututun roba da samfefa, a shafa masa fenti ruwan azurfa, sai ya koma kamar ƙarfe. In ya bushe a ɗaure shi jikin bango da waya.

Darasi na 5: Fitila

Ƙwai ɗaya ya isa. A kira mai wayarin ya rataya shi.