Yadda ɗalibin likitanci a Sudan zai zaɓi fannin da zai ƙware a kai

Ɗalibin da ya taso a Mai Wurno ko Gadarif yakan tarar da dangi sun zaɓa masa tiyata tun kafin ya kammala jami'a, domin ita ce mai suna a bakin jama'a. Shawarar iyaye abar girmamawa ce, amma shi ne zai yi shekaru talatin yana aikin, don haka wajibi ne ya auna da kansa.

Ma'auni na farko shi ne shekarar imtiyaz, lokacin da sabon likita yake zagaya sassan tiyata, cututtukan cikin jiki, yara, da mata da haihuwa. Kada ya yanke hukunci da ranar da aka yi gagarumin aiki a ɗakin tiyata. Ya lura da ranakun da ba su da armashi: layin masu hawan jini, kwanan asibiti, da rarrashin dangin majinyaci. Fannin da ya iya jure wa gajiyarsa ba tare da ƙosawa ba, shi ne nasa.

Daga nan sai ya nemi sharuɗɗan Hukumar Ƙwarewar Likitoci ta Sudan, ya san shekarun horo da jarrabawar shiga, ya kuma lissafa wanda zai riƙe gida a tsawon lokacin.

Abin da nake roƙo shi ne a saka likitancin iyali, wato fannin likitan da ke fara duba kowa, yaro da babba, a ƙaramar cibiyar lafiya, cikin lissafi da gaske. Jami'ar Jazira da ke Wad Madani, wadda aka kafa a 1975, ta gina karatunta a kan lafiyar al'umma, kuma a 2010 jihar Jazira ta fara horar da likitocin iyali suna bakin aikinsu a cibiyoyin lafiya. Dalilin wannan roƙo a bayyane yake: kafin yaƙi ƙwararru sun taru ne a Khartum, da yawa sun wuce ƙasashen Larabawa da Ingila, yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 kuma ya rufe asibitoci masu yawa. Zazzabin cizon sauro, ciwon suga da kala-azar, cutar zazzabi mai kumbura saifa da ke addabar yankin Gadarif, a ƙaramar cibiya ake fara gano su, idan akwai likita a ciki. Likitan da ke jin Hausa da Larabci kuwa yana fahimtar koken tsohuwa ba tare da tafinta ba.

Albashin wannan fanni bai taka kara ya karya ba, kuma bai kamata a ɓoye wa ɗalibi hakan ba. Kafin ya cike takarda, ya yi wata guda a irin wannan cibiya, ya tambayi likitan wurin yadda yake ciyar da iyalinsa.