Tafinta daban, mai fassara daban

Salamu alaikum 'yan uwa mazauna Legas. Kafin ka biya kuɗin aikin harshe, san wanda kake nema.

Tafinta da baki yake aiki, nan take. Shi za ka kira idan za ka daidaita ciniki da Bayarabe a kasuwar Mile 12 ko ka ga likitan da ba ya jin Hausa. A kotu kuwa, idan laifi ake tuhumar ka da shi, sashe na 36 na tsarin mulkin 1999 ya ba ka haƙƙin samun tafinta kyauta, kada ka ji kunyar nema.

Mai fassara da takarda yake aiki. Takardun kaya na Faransanci da ake shigowa da su daga Kwatano ta iyakar Seme, ko takardar haihuwa daga Nijar, nasa ne. Nan ne mutanenmu suke tafka asara: yaron shago ya iya Faransanci, sai a ba shi. To, ofishin jakadanci yakan nemi fassara mai sa hannu da hatimi. Fara tambayarsu irin wadda suke karɓa.

Mai gyaran rubutu shi kuskure kawai yake dubawa, kuɗinsa ma yawanci bai kai na fassara ba.